Kwana Tara Kafin Motar Agaji Ta Iso

Ruwan ya fara ne bayan sallar isha'i, wani daren Alhamis cikin Agustan 2021. Mu da ke zaune a Tudun Wadar Zariya ta gangaren rafin Kubanni mun saba da ruwan Agusta, yakan zo da iska ya yi ɓarinsa ya wuce. Wannan bai wuce ba. Kafin ƙarfe biyu na dare kwata ta cika, ruwa ya hau layi, ya shigo zaure, ya ratsa tsakar gida har ya kama ƙafar gado. Katangar maƙwabtanmu ta jiƙe ta zauna. Da gari ya waye maza suka fita da shebur da buhunan yashi, mu mata muna kwarfar ruwa da roba, muna shanya tabarmi da katifu. Ba a rasa rai ba, kowa sai hamdala yake yi. Babu wanda ya tsaya ya leƙa rijiya.

Ni ma ban leƙa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Malamar firamare ce ni, amma na yi shekaru ina bin gida-gida a aikin rigakafin shan inna, na zauna a bita ba sau ɗaya ba ana yi mana bayanin ruwa da tsafta. Na san cewa a yawancin gidajen layinmu tsakanin salga da rijiya bai fi taku goma ba, domin gado ya yanka gida ɗaya ya zama uku ko huɗu. Rijiyoyin ba su da baki mai tsayi, wasu tsohuwar taya ce kawai aka ɗora aka rufe da fallen kwano. Da salga ta tumbatsa, ina ruwanta zai gangara? Famfon layin kuwa ya daɗe da ƙafewa. Washegari aka saka guga, aka ga ruwan ya ɗan gurɓace, aka jefa alam ya kwanta, aka juye a randa. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Daren Litinin Gwaggo ta kwanta. Ba gwaggona ba ce ta jini, duk layin haka muke kiranta, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa a zaurensu. Gudawa ta fara mata, amai ya biyo baya. Surukarta ta aika kemis aka sayo kafso, aka haɗa mata da jiƙo. Ba a gaya wa kowa ba, saboda a wajenmu babba ba ya ciwon gudawa a bainar jama'a, abin kunya ne. Kafin la'asar ɗin Talata ta cika. Aka ce tsufa ne da ƙarar kwana. Mata uku suka yi mata wanka da hannu tsirara, muka cika gidan muna zaman makoki, moɗa ɗaya tana zagayawa daga baki zuwa baki.

Ranar Laraba yara biyu suka kwanta a gidan da ke kallon nasu. Asubahin Alhamis sai ɗan ƙanwata da nake riƙo, yaro ɗan shekara shida. Ban taɓa ganin jiki ya zube da sauri haka ba. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, yana kuka ba hawaye, yana riƙe da sha-raɓarsa yana cewa ƙafarsa ta ɗaure. Na goya shi kamar jariri na tari keke zuwa ƙaramin asibitin unguwa.

Sistar da ke kula da wurin ta san ni tun zamanin rigakafi. Ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba.

"Malama, kashin yaya yake?"

"Fari ne, Sista. Kamar ruwan wankin shinkafa."

Ba ta sake cewa komai ba sai da ta samu jijiya ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ta ja ni gefe.

"Su nawa ne a layinku?"

Na ce na san uku, ina zargin ta huɗu, amma ita mun riga mun kai ta.

"To ki saurare ni. In muna so a kawo mana ɗauki, sai kin samo mini sunaye. Ba wanda zai tashi mota daga Kaduna don an ce masa mutane na gudawa a Zariya. Sai an ce su wane ne, su nawa, a wane gida, tun yaushe."

Daga nan aikina ya fara. Na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan aji, na ja layuka da rula: suna, shekaru, mace ko namiji, gida, ranar da ciwon ya fara, inda ake ɗiban ruwa, an kai asibiti ko ba a kai ba, da shafin ƙarshe wanda ba na son cikewa, ya warke ko ya rasu. Ƙa'idar da Sista ta ba ni ita ce duk wanda ya kai shekara biyu, ya yi zawo mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini da kwana, ya shiga littafi. Ita kuma a ranar ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ya zo a kan babur da 'yar jakarsa, ya ɗebi samfurin bayan gida na yara biyu, ya yi gwajin gaggawa na kwalara da wani ɗan tsinke mai kama da na gwajin maleriya. Layi biyu suka fito. Na ɗauka shi ke nan, gobe za a zo. Ya ce a'a, wannan tsinken ishara ce kawai, tabbaci sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje an raini ƙwayar an gan ta.

A bakinsa na fara jin yadda tsanin yake. Asibitin unguwa ya gaya wa ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma ta gaya wa ma'aikatar lafiya ta jiha, jiha ta gaya wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a Abuja. Ƙungiyoyin duniya irin su WHO da UNICEF ba sa tsallake gwamnati su faɗo unguwa don sun ji labari, suna zama teburi ɗaya da jiha ne, a duba alƙaluma, a ce wannan ya ɗauki ruwa da tsafta, wancan ya ɗauki magani. A lokacin na ji haushin wannan tsari ƙwarai. Yaro na kwance da allura a hannu, ana ba ni labarin teburi. Daga baya na fahimci cewa a wannan damina ba mu kaɗai ba ne. Bauchi, Kano, Jigawa, Zamfara, ko'ina kuka ake yi. Da shekarar ta ƙare, NCDC ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, 3,604 suka rasu. Wanda zai raba kwalaye tsakanin wurare masu yawa haka dole ya tambayi lamba. Na fahimta, amma fahimta ba ta rage tsawon kwanakin nan tara ba.

Samo sunayen ya fi komai wuya. In na yi sallama na shiga, sai a ce lafiya lau, alhali ina jin warin amai daga ɗaki, ina ganin zani a jiƙe a kan igiya. Wata ta ce mini, "Malama, so kike a ce gidanmu ne gidan ƙazanta? Ina da 'yan mata biyu da za a aurar." Wani maigida ya tare ni a zaure ya ce in an rubuta sunansu za a zo a rufe musu rijiya, a ɗauke mara lafiya a hana kowa ganinsa. Babban ɗan Gwaggo kuwa ko zama bai bari na yi ba. "Yaya, ina girmama ki," in ji shi, "amma uwata ajalinta ne ya yi. Kada ki sa ta a wannan takarda." Ban sa ta ba.

Daren Alhamis ɗin na sa mijina ya raka ni wurin Mai Unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya shigo mana ya fi ƙarfin mata." Na buɗe masa littafin, suna bakwai kacal, na ce na tabbata sun fi haka. Bai yi gardama ba. Ya aika aka kira Liman, suka yi magana, washegari a masallacin Juma'a aka ji abin da ba a saba ji ba. Malam ya ambaci sunan ciwon ɓaro-ɓaro, ya kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinsa, ya ce wanda ya ɓoye mara lafiya har maƙwabcinsa ya kamu, ya ɗauki haƙƙi. Kafin magariba mata suka fara aiko yara gidana: Iya ta ce ki zo da littafin.

Abin da ya riƙe mu a kwanakin jira ba wani abu ba ne illa gishiri da sukari. 'Yan fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ke asibiti sun ƙare cikin kwana biyu, sai muka koma haɗin gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ina ce wa mata su ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Mutane da yawa sun raina shi. Suna ganin magani sai allura ko kafso, wannan kuwa ai kayan shayi ne. Sai in ce musu kwalara ba dafi take kashe mutum da shi ba, ruwan jikinsa take tatsewa har jini ya kasa zagayawa. Sukarin nan shi ke jan gishiri ya ratsa hanji, gishirin ya ja ruwa ya bi shi. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, cokali-cokali, kada a gaji. Mai shayar da jariri kada ta cire shi daga nono. Wanda ya kasa sha, ko hankalinsa ya fara gushewa, ba a jira gari ya waye, a nufi asibiti.

Tafasa ruwa ma ba ƙaramin aiki ba ne a gidan da itacensa ya jiƙe kuma gawayi ya yi tsada. Mai shagon bakin layi ya ba da sukari mudu biyu sadaka. Matasa suka yi karo-karo suka sayo gawayi. Wani mai keke ya ce ko ƙarfe nawa ne a buga masa ƙofa, kuma an buga, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Sista ta kwana huɗu ba ta je gida ba, marasa lafiya har a baranda, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Ɗan ƙanwata ya tashi a kwana na uku, ya ce a ba shi kunu. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu na gidan da ke kallon na Gwaggo bai tashi ba.

Ranar Asabar ta mako na biyu motocin suka iso, farar mota mai dogon eriya da wata babba ɗauke da kaya. Yara suka bi su a guje suna ihun ga Turawa. Babu Bature ko ɗaya. Likitan da ya jagorance su ɗan Borno ne, ana jin Barbarci a Hausarsa, ya yi shekaru yana aiki a sansanonin 'yan gudun hijira. Mai kula da ruwa da tsafta 'yar Bauchi ce, da hijabinta da takalmin roba har gwiwa. Kuɗin da kayan daga nesa suka zo, hannayen da suka yi aikin namu ne. Abu na farko da likitan ya nema kafin ya sha ruwa shi ne littafina. Ya zauna a benci ya bi shi layi-layi, ya ɗauko takarda ya zana unguwar, yana ɗiga alama a kowane gida. Kafin ya gama, ni da kaina na ga abin da ban gani ba duk da ni na rubuta: alamomin sun taru a kewayen rijiyoyi uku da kuma gidajen da suka yi zaman makokin Gwaggo.

Na taya sauke kaya, don haka na ga abin da ake kira agajin ƙasa da ƙasa da idona. Kwalayen ORS, ƙwayoyin zinki na yara, ledojin ƙarin ruwa, allurai, safar hannu, takalman roba, sabulai, bokitai masu famfo, garin kulorin a cikin durom, da ƙwayoyin tsarkake ruwa. 'Yar Bauchin ta ce mini irin waɗannan ƙunshin a shirye suke tun kafin a san inda za a kai su, an tsara kowanne don jinyar mutum 100, kuma akwai manyan rumbuna da ake tara su, na UNICEF a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, na WHO a Dubai. Na daɗe ina juya wannan magana. Wani da bai san Tudun Wada ba, bai taɓa jin sunan Kubanni ba, ya zauna ya ƙirga safar hannu nawa za mu buƙata.

Kafin dare sun kafa tanti a filin asibitin, an kewaye shi da leda. Ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya, kowacce da tiren ruwan kulorin da za ka taka da bokitin wanke hannu. Gadajen na musamman ne, shimfiɗar roba da rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi, wani a gefen kai don amai, saboda mai kwalara ba shi da ƙarfin tashi, kuma ma'aikaci yana so ya ga yawan ruwan da ya fita don ya san nawa zai mayar. Mai jinya ɗaya kawai ake bari. Wannan doka ta jawo rigima, domin mu dubiya a wajenmu ibada ce, dangi kan zo da kwanon abinci su cika ɗaki. Sai da Mai Unguwa ya sa kujera a bakin ƙofa ya zauna da kansa.

Mu goma sha biyu aka zaɓa aka yi mana bita ta kwana biyu a wani ajin makarantarmu, mata takwas saboda mu ke iya shiga gidajen da aka rubuta ba shiga. Abin da ya fi zauna mini shi ne haɗin kulorin kashi uku. Akwai mai ƙarfin 0.05 cikin 100 na wanke hannu, da 0.2 na goge ƙasa da gado da jiƙa tufafi, da 2 cikin 100 na amai da bayan gida da gawa. Mu dai muka raɗa musu suna: na hannu, na ƙasa, na gawa. Na hannu da na ƙasa kullum sai an haɗa sabo. An kuma gaya mana abin da ya tsorata ni, cewa yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa ma kwanciya, suna yawo lafiya ƙalau amma tana fita a bayan gidansu har kwanaki, kuma daga shigarta zuwa fara ciwo yana iya zama awa 12 ko ya kai kwana biyar. Likitan ya ce in ana kai mutane da wuri ana ba su ruwa yadda ya kamata, wanda zai rasu bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Na tuna Gwaggo da yaron nan, na sunkuyar da kai.

Ƙwayar tsarkake ruwa irin wadda aka ba mu, ɗaya ake jefawa a jarka mai lita 20, a rufe a jira minti 30. Sauƙi gare ta a baki. A gidaje kuwa sai aka ce ruwan yana warin asibiti, shayi ba ya daɗi da shi, tuwo yana canza ɗanɗano. Bayan kwana biyu maganar da na san za ta zo ta zo: wai maganin hana haihuwa ne. Na sha jin wannan a zamanin rigakafi, na saba in cika moɗa in shanye a gabansu, in ba ɗana ya sha.

Amma akwai wani dattijo da wannan bai isa ba. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi aiki a tashar Sabon Gari har ya yi ritaya, rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya ce, "'Yata, zan tambaye ki abu biyu. Kin san abin da aka yi wa yaran Kano a 1996?"

Na ce na sani, Baba. Lokacin annobar sanƙarau wani kamfanin Amurka ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a.

"To mutanen Haiti fa, wa ya kai musu kwalara?"

Wannan ma an taɓo mana shi a bita. Girgizar ƙasa ta rushe Haiti ranar 12 ga Janairun 2010, a watan Oktoba kwalara ta ɓulla a ƙasar da ta daɗe ba ta san ta ba. Bincike ya kai ga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, ƙazantar sansanin ta malala cikin kogin da mutane ke sha. Fiye da mutum 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu, kuma sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya fito ya nemi gafarar mutanen ƙasar.

"To kin gani," in ji shi. "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Waɗannan bokitan da ake cikawa a tantinku, ina ake zubar da su? Kubanni na nan kusa."

Ban da amsar da ta fi in ce ya zo ya gani. Washegari ya zo da sandarsa. 'Yar Bauchin ba ta ɓata rai ba, ta ba shi takalmin roba, ta zagaya da shi. Ta nuna masa yadda ake zuba na gawa a kowane bokiti a bar shi ya jiƙa kafin a juye, ta nuna masa ramin da aka haƙa nesa da rijiya da hanyar ruwa, ta buɗe masa durom ya karanta rubutun jikinsa da tabaransa. Ya yi tambayoyi har ya gaji. Da zai tafi ya ce a ba shi ƙwayoyin gidansa, kuma daga ranar shi ke bayani a majalisar dattawa ta bakin masallaci. Ina ganin tambayar tasa daidai ce, kuma duk mai kawo agaji ya kamata ya yarda a yi masa ita, ya buɗe ƙofa a duba.

An gwada zuba kulorin a rijiyoyi, amma an gaya mana ba ya daɗewa, ƙazanta na ci gaba da tsattsafowa ta ƙasa. Rijiyoyin nan uku aka rufe su. Sauran aikin ya koma kan 'yan garuwa, domin rabin unguwa a hannunsu take shan ruwa. Da farko sun ɗauka za a hana su sana'a. Aka zauna da shugabansu, aka sa matasa biyu a bakin kowace burtsatse da suke ɗiba, duk jarkar da aka cika sai an ɗiga mata kulorin kafin a ɗora a kura. Ina jin wannan ya kashe kaifin ciwon fiye da duk yawon da muka yi.

Rasuwar da ta fi girgiza ni bayan zuwansu ita ce ta wata matashiya mai goyo da aka kawo cikin dare daga wata unguwa, jijiyoyinta duk sun ɓace. Aka ce ba za a ba da gawa a yi wanka a gida ba. Mijinta ya ce sai dai a kashe shi. Liman ya zo, ya tsaya tsakaninsa da likita, ya ce, "Likita, wanka haƙƙinta ne. Ka gaya mana yadda za mu yi shi ba tare da mun cutu ba." Aka daidaita. Mu biyu da wata dattijuwa mai wankan gawa muka sa safar hannu da rigar roba, aka toshe kafofin jiki da auduga mai kulorin, muka yi mata wanka a cikin tantin kamar yadda addini ya tsara, muka suturta ta. Aka yi salla a waje, aka kai ta ba jinkiri. A gidan makokin an ajiye bokiti mai famfo a ƙofa, ba a dafa abinci ba, ba a zagaya da moɗa ba.

Mai Unguwa ya taɓa tambayar likitan, tunda ya ji a rediyo an yi rigakafin kwalara a Bauchi, mu yaushe za a kawo mana? Likitan ya ce maganin ɗigawa ne a baki, kuma ba a kasuwa jiha ke sayensa ba. Akwai rumbu ɗaya na duniya da aka kafa a 2013, ƙawancen rigakafi na duniya mai suna Gavi ke biyan kuɗinsa, wani kwamiti na WHO da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyar Red Cross ta duniya ke duba buƙatun ƙasashe. Gwamnatin tarayya ce ke rubuta buƙata, da alƙaluman da suka nuna inda wutar ta fi ci, kuma abin da ke rumbun bai kai yawan masu nema ba. Bai zo unguwarmu ba. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2022, ƙarancin ya kai har kwamitin ya koma ba da ɗigo ɗaya maimakon biyu don ya ishi ƙasashe da yawa.

Rabon bokitai da sabulu ya zo da nasa ɓacin ran. Da littafina aka yi amfani, gidan da aka samu mara lafiya da gidajen da ke kewaye da shi su aka fara ba. Waɗanda suka kore ni a makon farko suka zo suna cewa an yi son kai. Wata ta kama mayafina tana kuka, ta ce yaranta uku sun yi ciwon, ita ta yi jinyarsu a ɗaki. Gaskiya ta faɗa, na kuma san dalilin da ya sa ta ɓoye. Na roƙa aka ƙara ta. Ɗan alawus ɗin da aka yi mana alkawari sai bayan wata biyu ya fito, wasu matasan har sun fid da rai.

Da ruwa ya ja baya a ƙarshen Satumba, sababbin sunaye suka ragu, daga biyar a rana zuwa ɗaya, zuwa babu. Aka jira makonni ba a ga kowa ba, sannan aka naɗe tantin, aka fesa wa filin kulorin, aka bar wa Sista sauran kwalayen. Na tambayi 'yar Bauchin ko za su gyara mana salga da rijiyoyi kafin su tafi. Ta ce kuɗin da suka zo da shi na gaggawa ne, an ƙayyade abin da za a yi da shi da watannin da zai yi, gini ba ya ciki. Wannan ne ɓangaren da har yanzu ban gamsu da shi ba. Ana samun kuɗin tanti bayan mutane sun fara mutuwa, ba a samun na bututu da siminti kafin su fara. Mu matan layin muka yi adashi, muka ɗaga bakin rijiyoyi shida da bulo, muka sa musu murfi. Salgar dai tana inda take, domin babu filin da za a matsar da ita. Da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, mutane na kallon hotunan rufin gidaje a cikin ruwa, ni rijiyoyinsu nake tunani, da wadda za ta ja layi a littafi.

Likitan ya kwafe littafina kafin su tafi, shafi huɗu da rabi, ya mayar mini da shi. Bayan kamar mako biyu, da yamma ina tankaɗe, aka ce ana sallama da ni. Babban ɗan Gwaggo ne a zaure, ya rage tsawo, yana murza hularsa a hannu. Matarsa na cikin waɗanda suka yi wa tsohuwar wanka, ta kwana uku a tantin, ta tashi.

"Yaya, littafin nan yana wurinki?"

Na ce yana nan, amma an riga an kwafe an tafi da shi Kaduna.

"Ba komai. Ki rubuta ta."

Na shiga ɗaki na ɗauko. Lamba ta ɗaya ɗan ƙanwata ne, babu layi a samansa, sai ɗan farin da ke ƙarƙashin kan shafi. A nan na matse rubutuna na sa sunanta. Na tambaye shi shekarunta, ya ce a sa saba'in da biyar. Na tambayi inda take ɗiban ruwa, ya ce rijiyar gida. Shafin ƙarshe ban tambaye shi ba, na cike da kaina, na juya littafin na nuna masa. Ya karanta a hankali, ya yi mata addu'a, na ce amin.